Kawu Bai Yi wa Ɗansa Hassada Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, kuma kafin a kira la'asar na riga na ji maganar da ta tsayar mini da hawaye.

Ina tsakar gidansa a Samaru ina zuba wa mata ruwa, sai wata dattijuwa daga Hanwa, wadda har yau ban san ta inda muka haɗa dangi ba, ta gyara mayafi ta ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai abin nan da ya yi wa ɗansa. Ta kusa da ita ta cafe, wai ita tun da take ba ta taɓa ganin uban da ya yi wa ɗan cikinsa baƙin ciki a bainar jama'a ba sai shi, amma dai Allah mai gafara ne. Suka shafa addu'a, suka miƙo mini kofuna. Wallahi saura ƙiris in juye musu butar a ka. Na dai ƙara musu ruwan, don gidan makoki ne.

A waje ma ba ta canza zane ba. Maigidana, da ke zaune cikin maza, ya gaya mini cewa shugaban kwamitin asibitinmu ya yi dogon jawabi yana yabon mamaci, da ya zo ƙarshe sai ya sauke murya ya ce to, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Kowa ya gane inda ya dosa, aka yi ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne bai gyaɗa ba, wato Baba maƙwabci, aminin Kawu, tsohon malamin makaranta kuma dattijo a cocinsu. Shi ɗaukar kujerarsa ya yi ya koma can gindin katanga ya zauna shi kaɗai.

Ni ɗiyar ƙanwar Kawu ce, a gidansa na yi rabin girmana, kuma ina tsaye a wurin ranar da abin da suke faɗa ya faru. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Wanda ya mutu ba ya tashi ya kare kansa. In aka bar maganar nan ta zauna da gindinta, da ita jikokinsa za su san shi, su ce kakanmu injiniya ne, amma mahassadi. Ni kuwa in dai ina numfashi ba za a yi haka ba.

Ba zan ce Kawu mai sauƙi ba ne, kada in yi ƙarya a kan mamaci. Mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya ɗora masa kaya. In ya shiga kasuwar Sabon Gari sayen bokiti, sai an cika masa shi da ruwa taf, ya ɗaga ta mariƙi ya yi 'yan taku, sannan a yi ciniki. Wani ɗan kudu mai sayar da robobi ya taɓa tambayarsa da turancin kasuwa ko wanka ya zo yi, Kawu ya ce a'a, amma wankan za a yi da shi in an je gida. Kujera sai ya zauna ya jijjiga ta. Tela kuwa ya shiga uku, don sai Kawu ya sa rigar ya ɗaga hannu sama ya durƙusa ya miƙe. Muna yara kunya kamar ta kashe mu in an aike mu tare da shi. Inna, matarsa, takan ce ita kaɗai ce abin da ya ɗauko bai gwada ba, shi kuma ya ce ai gwajin ne har yanzu bai ƙare ba.

Aikin tarho ya fara yi tun zamanin da ake hawa turke, daga baya ya koma sashen kwamfuta a jami'a, nan ya yi ritaya. Da ya bar aiki sai ya zama shi ake kira in intanet ya rikice a shagunan da ɗalibai ke rajista, ko a wata makaranta, ko ofishin wani. Ba ya zuwa da tarkace. Jaka ɗaya ce, da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, da doguwar waya shuɗiya a naɗe.

Akwai wani ɗan gwaji da masu wannan aiki ke yi, suna ce masa ping. Za ka buɗe baƙin allo a kwamfuta, ka aika ƙunshin saƙo zuwa ga rauta, wato akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba intanet a gida, ka jira ta mayar maka da shi. In ya dawo, sai a ce layi na da rai. To amma ƙunshin da kwamfuta ke aikawa in ba ka ce mata komai ba ɗan mitsitsi ne, talatin da biyu a ma'auninsu. Yawancin masu gyara a nan suke tsayawa. Da sun ga amsa ta jero sai su rufe, su ce komai lafiya, a sallame su. Wannan ɗabi'a ita ta fi komai ɓata wa Kawu rai. Yakan ce, "Don akuya ta haye gada, ba shi ne tirela za ta haye ba."

Shi yadda yake yi, zai fara da ƙaramin, ya ga ya dawo. Sai ya ƙara nauyi zuwa ɗari biyar, ya kai dubu, ya haura dubu da ɗari huɗu, yana kuma hana kwamfutar ta rarraba ƙunshin a hanya, don ya ga iya abin da layin zai ɗauka a dunƙule. Ba ya kuma fara jifa da nisa. Rautar da ke cikin ɗaki zai fara aika wa, in ta amsa da kowane nauyi sai ya wuce zuwa na'urar da ke gaba da ita, daga nan zuwa waje. Duk inda kaya suka fara zubewa, nan zai tsaya ya cire tabarau. Na sha zama kusa da shi ina ɓare gyaɗa yana wannan aiki, tun ina ganin ɓata lokaci ne har na iya karanta allon.

Abin da ya sa Baba maƙwabci ya janye kujerarsa ranar makoki, ni na san shi. Shekarun baya matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Autarsu tana aure a ƙasar waje, takardu sun hana ta zuwa. Saƙon rubutu yana tafiya yana dawowa, amma da an buga kiran da ake ganin fuska sai hoto ya daskare, ya katse. Masu gyara biyu suka zo, kowa ya yi ɗan ping ɗinsa ya ce matsalar daga can ƙasar ce. Kawu ya shigo da jakarsa ya zauna a ƙasa kusa da gadon mara lafiya. Ya yi ta ƙara nauyi har ya iso wata lamba inda amsa ta tsaya cak, ƙasa da ita komai na wucewa, sama da ita ko ɗaya. Ya ce wannan ba lalacewar hanya ba ce, wata ƙofa ce a gaba ta fi kayan ƙanƙanta. Ya shiga cikin rautar ya saita ta ta riƙa ɗaure kaya daidai ƙofar. Da yammacin ranar Mama ta ga fuskar 'yarta da ta jikanta, suka yi waƙar coci tare, Kawu ya tattara jakarsa ya fita tun kafin a juyo a yi masa godiya. Daga baya Baba ya aiko masa da zakara, ya mayar, ya ce a dafa wa mai jinya.

Wannan mutumin ne ake cewa ya yi wa ɗansa hassada. Ku ji yadda aka yi.

Yaya shi ne ɗan farin Kawu, ni kuma taubashiyarsa ce, don haka tun muna ƙanana babu irin tsiyar da ba ma yi wa juna. A gindin ubansa ya koyi aikin, ya je ya ƙaro karatu, ya buɗe ɗan kamfaninsa a Sabon Gari. Kawu mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Bai taɓa zama da shi su yi doguwar hira ba, bai taɓa yabonsa a gaban idonsa ba. Amma ni na sha ganinsa yana tsayar da mai babur a bakin titi don kawai ya karanta allon kamfanin, ya ce mu tafi. Duk saƙon da zai kai wa Yaya, ko ta bakin Inna yake bi ko ta nawa, Inna kuwa ta fi shi kunyar, sai nauyin ya dawo kaina.

Ƙungiyar unguwa ta gina ƙaramin asibiti a hanyar Bomo, ni ce ungozomar da aka ɗauka. Aka samo mana na'urar ɗaukar hoton ciki, aka yi yarjejeniya da wani likita a Sabon Gari cewa in na ɗauki hoto zan tura masa ta kwamfuta ya duba ya faɗa mini abin da ya gani, don a rage wa mata masu tsohon ciki wahalar hanya. Yaya aka ba aikin haɗa intanet ɗin. Rauta tana ofishin gaba, kwamfutata tana ɗakin hoto a can ciki, waya ta bi ta ƙarƙashin daɓe ta haɗa su. Wani mai hali ya ba da kyautar tayil fari tas aka shimfiɗa a kai, aka yi fenti, aka sa ranar buɗewa, aka gayyaci manya.

Ana saura kwanaki kaɗan na gwada tura hoto. Ya tashi kamar zai tafi, ya maƙale a hanya. Na sake, haka. Saƙon gaisuwa kuwa da na tura wa likita nan da nan ya isa. Na kira Yaya, ya zo yana sauri, ya buɗe baƙin allo ya yi ɗan ping ɗinsa, amsa ta jero. Ya juyo da allon ya ce in gani da idona, layi garau yake, ni ce baƙauyiya, in koma karɓar haihuwa in bar wa masu boko kwamfuta. Na rama, na ce bokon da bai iya tura hoto ɗaya ba ai gara tallar ƙosai. Muka yi dariya ya tafi. Amma hankalina bai kwanta ba, don ni ce zan tsaya gaban mace mai ciki in ce mata hoto ya ƙi tafiya. Sai na kira Kawu, kuma ko yau aka dawo da ranar zan sake kiransa.

Ya zo ana gobe biki, ana kafa rumfuna ana jera kujeru, 'yan kwamiti duk suna nan. Ya wuce ɗakin hoto ya zauna. Ƙaramin ƙunshi ya je rauta ya dawo duka. A ɗari biyar aka fara samun ɗaya-ɗaya da ke ɓacewa. A dubu kusan rabi ba su dawo ba. Da ya haura dubu da ɗari huɗu sai jefi-jefi ake ganin amsa. Ya cire tabarau ya ce mini wannan ba irin ta gidan Baba ba ce. In ƙofa ce ta yi ƙanƙanta, a lamba ɗaya kaya ke tsayawa. In kuwa suna zubewa kaɗan-kaɗan gwargwadon nauyinsu, to hanyar ce ta ji rauni. Kuma tunda tun tsakanin kwamfuta da rauta abin ke faruwa, ba sai an ɗora wa kamfanin intanet laifi ba, ciwon yana cikin ginin nan. Ya warware shuɗiyar wayarsa, ya ja ta a kan tayil daga ɗakin har ofishin gaba, ya sake gwadawa. Kowane nauyi ya je ya dawo. Ya ce in tura hoton. Kafin in gyara zama likita ya amsa cewa ya gani.

Sai Kawu ya ce, a hankali, "Je ki ce wa yaron nan ya same ni bayan tankin ruwa."

Wannan ne abin da matan tsakar gida ba su sani ba, ko kuma ba su so su sani ba. Kawu ya nemi ya yi maganar a keɓe. Na je na sami Yaya yana nuna wa masu rumfa inda za su kafa, na faɗa masa. Ya dube ni ya dubi shuɗiyar wayar da ke miƙe a ƙasa, fuskarsa ta canza, sannan ya mayar da abin wasa, wai ni da Kawuna mun haɗa masa tarko, ya ce yana zuwa. Na koma na sake dawowa, ya ce yana zuwa. Tsoho ya tsaya a rana bayan tanki har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Yaya bai zo ba.

Da Kawu ya gaji ya fito zai tafi, sai shugaban kwamiti ya hango shi. Ya taso da fara'a ya kama hannunsa ya jawo shi tsakiyar mutane, ya ɗaga murya ya ce ga babban injiniya Allah ya kawo, uban mai aiki da kansa, sai ya faɗa wa jama'a yadda ya ga aikin ɗansa, ya sa masa albarka. Aka yi tsit ana murmushi. Kowa ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, kalma biyu ce, a tafa a watse. Na ga Kawu ya sunkuyar da kai ya daɗe.

"Allah ya yi wa yaro albarka," in ji shi. "Aikin dai bai gama ba. Wayar da ke ƙarƙashin tayil ta ji rauni, hoton mata ba zai wuce ta cikinta ba. Ko a fasa a gyara, ko a buga wata a jikin bango."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina wurin, kunnuwana biyu. Bai ce yaron bai iya aiki ba, bai ce wane ne ya yi laifi ba. Amma sai ka ce ya watsa wa mutane barkono. Shugaba ya ce wane irin fasa tayil ana gobe biki, tayil ɗin da bawan Allah ya bayar kuma gobe zai zo ya gani? Wani ya ce waya a jikin sabon fenti ai ƙazanta ce. Yaya ya ɗauko kwamfutarsa, ya yi ɗan ping ɗin nan a gaban kowa, amsa ta jero, aka ce to ga shi nan, layi na aiki. Kawu ya ce ya ƙara masa nauyi. Yaya ya rufe kwamfutar. A nan ne wani daga baya ya ce, yadda kowa zai ji, tsufa dai ba ta son ganin na baya ya taso. Kawu ya juya ya tafi, ko wayarsa bai tsaya naɗewa ba.

Aka yi biki, aka ci shinkafa, aka yanka ƙyalle. Aka ce bayan biki za a duba maganar waya. Wa ya duba? Ni ce dai har makon da ya wuce nake warware shuɗiyar wayar Kawu duk ranar awo, in ja ta a ƙasa daga ɗaki zuwa ofis, mata masu ciki suna ɗaga ƙafa suna tsallakewa, in an tashi in naɗe in ɓoye a kabad. 'Yan kwamiti sun sha shigowa su gan ta, har shugaban ya taɓa harɗewa da ita. Amma in an zauna a majalisa, labarin da ake bayarwa shi ne tsoho ya so ya kunyata ɗansa Allah bai ba shi sa'a ba. Na yi bayani har bakina ya gaji, aka ce ai dole in faɗi haka, 'yar gidansa ce.

Abin ya ci Kawu, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya ce ya ci shi ba. Masu kiransa gyara suka ragu. A masallaci akan gaishe shi a tsaitsaye. Yaya bai daina zuwa gaisuwa ranar Juma'a ba, amma daga bakin zaure yake durƙusawa, ina wuni, lafiya lau, ya aje abin da ya kawo ya tashi. In na tayar da maganar, Kawu ya ce in bari, bakin mutane ba ya kashe kowa. Ni kuwa in ce yana kashewa mana, a hankali dai yake yi. Sai ya yi dariya ya ce wannan bakin nawa ne zai kashe maigidana.

Washegarin rasuwa na tare Yaya a soro yana shigowa da buhun ruwa. Taubasantaka ta ba ni bakin da ko Inna ba ta da shi a kansa, ranar kuwa na yi amfani da shi duka. Na faɗa masa abin da ake faɗa a tsakar gida da abin da shugaba ya faɗa a waje. Na ce yana ji yana gani ana binne ubansa sau biyu, kuma duk duniya shi kaɗai ne in ya buɗe baki za a yarda. Na ce in ya bari aka yi addu'ar uku aka watse a haka, to kada ya ƙara kirana taubashiya, in mun haɗu a hanya kowa ya kama gabansa. Ya aje buhun ya fita.

Ranar addu'ar da sassafe ya kira ni ya ce in zo in buɗe masa asibiti. Na same shi a ƙofa da guduma da kurfin fasa siminti. Na ɗauka zai tambaye ni ta ina wayar ta bi, ko ya yi aune-aune, ko ya fara fasawa daga bango yana nema. Ina! Kai tsaye ya wuce bakin ƙofar ɗakin hoto, ya durƙusa a kan tayil guda, ya fasa shi. Ya tone siminti kaɗan, ya sa yatsu ya zaro wani dunƙule na baƙin salatif kamar ƙullin daddawa.

Na ce, "Yaya, ashe ka san wurin?"

Bai ɗago ba. Ya ce mai tayil ne ya datse wayar da bakin shebur. Janyo sabuwa na nufin a ɗaga abin da aka riga aka shimfiɗa, ga kwamiti na azalzala. Sai mai haɗa wutar lantarki ya ce abu mai sauƙi, ya feɗe bakin wayoyin ya murɗa su yadda ake murɗa wayar fitila, ya naɗe da salatif. Yaya na tsaye. Ya yi ɗan ping, ya ga amsa, ya ce a rufe.

Ban san sanda na fara zaginsa ba. Wato duk tsawon lokacin nan da ake nuna tsoho da baki, ana cewa mahassadi, wanda ya san gaskiya yana zuwa duk Juma'a ya durƙusa ya ce ina wuni. Na ce masa ya tashi ya ɗauki ƙazantarsa ya kai inda ya kamata.

Ya kai. Ina leƙe ta ƙofar soro lokacin da liman ya shafa addu'a mutane suka fara laluben takalma. Yaya ya miƙe ya ce a ɗan dakata. Ya aje dunƙulen a tsakiyar tabarma, siminti na manne a jikinsa, ya faɗi abin da ya faɗa mini. Ya ce mahaifinsa bai yi masa hassada ba, gaskiya ya faɗa, kuma sai da ya nemi ya faɗa masa a ɓoye shi ne ya ƙi zuwa. Shugaban kwamiti ya yi wuf ya ce haba, a bar tone-tone, mai rai da mamaci duk Allah ya yafe mana. Wasu har sun ce amin, don sauƙi suke nema. Sai Baba maƙwabci ya taso da sandarsa ya ɗauki dunƙulen ya danƙa wa shugaban a hannu, ya ce ya duba da kyau, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, tunda maganar ma baki-baki ta bi har ta game gari. Haka aka yi ta miƙa shi. Babu wanda ya sa takalmi sai da ya zagayo.

Na ɗauka a nan zuciyata za ta huce. Yaya ya shigo cikin gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, inda take zaman takaba, ni ina gefenta. Ya fara ba ta labari yana neman gafara. Inna ba ta dube shi ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba tun da ta haife shi. Ni ta juyo ta yi wa magana.

"Ki gaya wa yaron nan babansa ya sani. Tun ranar ya sani. Ya ce da ya ambaci ƙarƙashin tayil, idon yaron ya sauka daidai bakin ƙofar ɗakin hoto kafin ya ɗauke. Na ce to ka faɗa mana, ka wanke kanka. Ya ce a'a, shi ya gama cin kasuwarsa, yaro kuwa yanzu ya fara. Gara a ce uban mahassadi ne da a ce ɗan maha'inci ne. Ya kuma sa na rantse ba zan faɗa ba yana raye."

Ba sai na maimaita ba, Yaya ya ji. Ya zame daga durƙuso ya zauna daɓas a ƙasa, ya kifa kai a jikin ƙyaure, ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ban rarrashe shi ba.

Ni har Kawun ma ina jin haushinsa, Allah ya gani. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa bokiti ƙafa ba, ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai ya kai kabari, ya bar ni ina ta faɗa da gari a kansa ban san rabin abin da ya sani ba. Ya Allah, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka karɓi shaidarmu a kansa, don wannan karon ta gaskiya ce. Amma ina ma ya bari an ba shi haƙuri yana da kunnen ji.